Yadda Ake Zuwa Zanzibar da Abokan Aiki a Dawo Ana Gaisawa

Duk ranar da aka rufe taron ofis da albishir cewa bana ma'aikata za su je hutun kwana huɗu a Zanzibar, yi kabbara tare da jama'a, amma ka san abin da ka amsa. Hutu dai a saninmu shi ne mutum ya kwana biyu bai ga fuskar Akanta ba. Wannan karon kuwa za ka gan shi da asuba, ka gan shi da gajeren wando, ka kuma sha minsharinsa har gari ya waye. Ofis ɗin ne ɗungurungum za a naɗe a saka a jirgi, da muƙamansa da gulmarsa da tsohuwar gabar da ke tsakanin sashen kuɗi da sashen sayayya. Tebura kawai za a bari a gida.

Za a kafa kwamiti. Karɓi kowane muƙami ban da ma'aji. Ma'ajin tafiya shi ne mutumin da zai bi manya da ƙanana yana karɓar kuɗi da magiya, ya cike giɓi daga aljihunsa, a dawo kuma a riƙa kallon sabon takalminsa ana gyaɗa kai. In an matsa maka, ce za ka riƙe addu'ar buɗe taro.

Sai takardu, kuma ba a fafa gora ranar tafiya. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Chadi ba ya cikin waɗanda ake buga wa bizar Tanzaniya a filin jirgi. Tun daga gida ake nema, a jira a amince. A kowane ofis akwai mai cewa "ai ina da mutum a can". Ku bar shi da mutuminsa, ku cike takardunku. A haɗa da katin rigakafin cutar shawara. Tun watan Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 kowane kai, ko da mutum yana da wata inshorar da ta fi ta tsada. Leda ma an haramta ta a Tanzaniya tun 2019, don haka a nemi gwangwani a zuba yaji. Yajin nan kada a bar shi, domin ranar kwana na uku shi zai riƙe zumunci.

Idan ka ji Akanta yana yabon watan Afrilu, yana cewa ya samo otal da rabin kuɗi, tashi tsaye. Daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminarsu. Arahar gaskiya ce, sai dai za ku yi kwana huɗu a baranda kuna kallon ruwan sama yana zuba a kan ruwan teku, ba abin yi sai hirar ofis.

Daga Kano ana bi ta Adis Ababa a sauka tsibirin kai tsaye. Wasu kuma kan sauka Darussalam su hau jirgin ruwa, tafiyar kamar awa biyu. In kwamiti ya zaɓi ta ruwan, zauna nesa da Oga. Teku ba ta san matakin albashi ba. Idan ta juya masa ciki har ya mayar da karin kumallonsa, kai tun ɗazu taga kake kallo, ba ka ga komai ba, kuma har ka yi ritaya ba ka gani ba.

Da kun sauka ku ƙara awa biyu a agogo. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne mutanen gari suna fara ƙirgen awa daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗayansu. In mai kwalekwale ya ce ku hallara ƙarfe biyu, takwas na safe yake nufi. A tambaye shi sau biyu, a nuna masa agogo ya ɗora yatsa. Abokin aikin nan da bai taɓa zuwa ofis a kan lokaci ba zai rungumi wannan tsari hannu bibbiyu, ya ce shi dama can haka yake lissafi.

Yanzu ga inda ake bukatar siyasa. Akwai dattijon da ke jan sallah a masallacin ofis, mutumin kirki, ya girme ka a shekaru da muƙami. Yana shiga ɗaki zai duba inda rana ke fitowa ya shimfiɗa darduma, domin shi tun tasowarsa alƙibla gabas take. A Zanzibar kuwa Makka tana arewa, kusan a miƙe sak. Kada ka kuskura ka ce "Malam, ba nan ba ne". Je ka kira ma'aikacin otal, ka tambaye shi alƙibla da babbar murya kamar kai ne ka ruɗe, ka yi ta mamaki. Malam zai juya dardumarsa ya ce dama yana shirin dubawa. Kowa ya tsira da mutuncinsa.

Daga nan sai musun ƙasaru. A Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke hukuncin tafiya, kwamiti kuwa da hikimarsa kwana huɗu cif ya yanka. Za a rabu gida biyu: masu ƙirga ranar sauka da masu fitar da ita. Za a ciro wayoyi, a kira malamai uku a gida, kowanne ya tambayi ƙarfe nawa jirgi ya sauka. Kai lallaɓa ka bi jam'i a masallacin unguwa, liman mazauni ne, ya raba gardama. Mutanen tsibirin kusan dukansu Musulmi ne, mafi yawa Shafi'awa. A sallar asuba bayan an ɗago daga ruku'u na biyu suke alƙunut, a bayyane, hannuwa a sama. Tsaya ka ga abin da sahu ya yi. Ba daɗi a ce baƙo ya riga kowa kai goshi ƙasa, ya ɗago ya tarar jama'a na tsaye suna amin.

A daren farko Oga zai saka riga mai furanni ya yi sanarwa: "A nan babu Oga, duk ɗaya muke, kowa ya saki jiki." Amsar wannan magana ita ce "Haka ne, ranka ya daɗe." Kada ka saki komai. In an buga ƙwallo a bakin teku, ba a yanke Oga, ba a yi masa ososo, kuma in ya buga ta wuce gefe, iska ce. Mafi haɗari shi ne lokacin da ya ƙoshi, ya miƙe ƙafa, ya ce, "To ku faɗa mini tsakani da Allah, me ke damun ofishinmu?" Sabon ma'aikaci ne kawai ke amsa wannan tambaya, shi ma sau ɗaya a rayuwarsa. Kai ce masa injin buga takardu ne. Injin ba shi da dangi a ofis.

Batun ruwa kuma, a duba inda otal yake. A gabar gabas, wajen Paje da Jambiani, teku kan janye ta yi nisa na wasu awanni, ta bar fili inda matan ƙauye ke noman ciyawar ruwa da suke sayarwa. Wanda ya ci ado don hoto da tsakar rana zai iya tarar da tekun ta tafi unguwa. A sa takalmi in za a taka wurin, akwai halittu masu ƙaya. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya gudu haka. Ko'ina ne dai, in an hau kwalekwale aka miƙo rigar hana nutsewa, karɓi ka ɗaure tamau. Mai cewa shi ɗan bakin gulbi ne, a kogi aka yi masa wankan jego, a ba shi biyu.

In an kai ku Nakupenda, wani tudun farin yashi a tsakiyar teku kusa da tsohon gari, to nan ne ya dace a roƙi Oga ya yi jawabinsa na haɗin kan ma'aikata. Tudun yakan nutse idan ruwa ya dawo. Shi ne zauren taro ɗaya tilo da ke rufe kansa ba tare da sakatare ya miƙa takarda ba.

A tsibirin Changuu akwai kurkukun da aka gina a 1893 wanda bai taɓa riƙe fursuna ba, da manyan kunkuru da aka kawo daga Seshel a 1919, wasunsu sun haura shekara ɗari. Za ka ga ɗaya yana ɗaga ƙafa yana tunani kafin ya ajiye, zuciyarka za ta ce tafiyarsa sak ta fayil ɗin alawus ɗinka. Haɗiye. Mutanen sashen kuɗi suna bayanka.

Tsohon garin, Stone Town, wanda UNESCO ta saka a jerin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne da mota ba ta shiga, da ƙofofin katako masu sassaƙa. Za ku ɓata, musamman in kuka bi mai cewa ya gane hanya. Akwai wuri ɗaya da raha ba ta shiga: inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, yanzu coci ne a wurin, da ɗakunan ƙasa da ake nuna wa baƙi. A mayar da wayoyi aljihu, a saurari mai bayani.

Da magariba sai lambun Forodhani, inda masu gashi ke jera tebura a bakin ruwa. Sha ruwan rake da citta da lemon tsami, ɗanɗani urojo, wani romo mai tsami da dankali. Za a nuna maka wata halitta mai hannuwa takwas a gashe, su ce pweza. Halal ce, sauran tsakaninka da zuciyarka. Tambayi farashi kafin tsinke ya shiga bakinka. Kuma kowa ya biya nasa, a yanke wannan tun a gida, a rubuta, a sa hannu. A bakin ruwan nan ne ranar 27 ga Agustan 1896 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar Sarki Khalid bin Barghash ruwan wuta, aka gama yaƙin cikin ƙasa da minti 45, mafi gajarta a tarihi. Rigimar raba kuɗin abinci daidai tsakanin wanda ya ci ƙaguwa biyu da Hajiyar da ta sha shayi kawai ba ta mutuwa a ƙasa da wata shida. In kuwa Oga ya ce shi zai biya na kowa, ku ci, ku gode, ku tuna kowa ya ci ladan kuturu.

Hoto kuma kada a saka a Facebook sai an bi kowa an tambaye shi. Akwai wanda a gidansa an san kwas ya tafi Kaduna.

Tsaraba a kasuwar Darajani ake yinta: kanumfari, wanda mafi yawansa daga tsibirin Pemba yake zuwa, da kirfa da masoro. Sayi ƙananan ƙulli da yawa. Fara da waɗanda aka bari suna riƙe da aikinka, sai masinja da maigadi da direba, domin su ne za su yanke hukunci ko tafiyar ta yi albarka. Kada naka ƙullin ya fi na Oga girma.

Za ka kuma ga kanga, zanen matan Swahili mai launi, a ce maka ya dace da uwargida ko suruka. Ya dace ƙwarai. Sai dai kowane kanga da rubutu a bakinsa, wani addu'a ce, wani kalmar so, wani kuwa habaici ne tsagwaronsa da aka tanada don kishiya ko maƙwabciya mai sa ido, kuma yanzu kowace waya tana fassara. Sa mai shago ya karanta maka rubutun kafin ka biya, in kuma biyu za ka saya wa gida ɗaya, ɗauki iri ɗaya.