Wai Fartanya Ta Ishe Ku?

Mutanen Zakirai, ina jin dariyarku tun daga nan. Wai manomi za a ce wa ya nemi ƙarfen ɗagawa! "Malam, mu da muke huɗa tun asuba, muna cicciɓar buhun gero, kai za ka koya mana ƙarfi?" To, da damina ba mai ja da ku. Amma tsakani da Allah, daga an cika rumbu har saukar ruwan fari, me hannun nan yake ɗagawa? Kofin shayi a majalisa, sai waya. Shi ya sa ranar farko ta sharar gona kowa yake komawa gida dafe da ƙugu.

Ku kuma ma'aikatan sakatariyar Gabasawa, kada ku laɓe bayan manoma, teɓarku kan riga ku shiga ofis. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce baligi ya ba tsokokinsa aiki aƙalla kwana 2 a mako, kuma ba ta ba kowa hutun rani ba.

Wajen zaɓen ƙarfen ɗagawa samari suke kwafsawa. Yaro ya ga wani murɗaɗɗe a Facebook, sai ya rantse in ba kilo 20 ba ya fasa. Kwana uku kafaɗa ta riƙe, ƙarfen ya koma tokare ƙofa. Ma'aunin mai sauƙi ne: ɗauki wanda za ka ɗaga sau 10 zuwa 12, na ƙarshen da ƙyar, ba tare da ka gantsare ko ka yi lilo da jiki ba. Ga yawancin masu farawa, kilo 3 zuwa 5 kowane hannu ya wadatar.

In za ka saya a kasuwar Sabon Gari, nemi mai faifai da ake ƙarawa ko a rage, don kada ka sake biyan kuɗin mota zuwa Kano in ƙwanji ya ƙaru. Murɗa makullinsa a gaban mai kaya, domin faifan da ya kwance ba ya tambayar yatsan wa zai sauka a kai.

Na ji mai cewa, "Ina kuɗin?" Ba ka tsira ba, ɗan'uwa. Gwangwani biyu, siminti da guntun bututun ƙarfe sun ba ka ɗaya. Ka yi guda biyu, ka ɗora su a sikeli su zo daidai, kada hannu ɗaya ya tsere wa ɗan'uwansa. Ko siminti ya gagara, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, galan kuwa ba gidan da babu.

Mai hawan jini ko gwaiwa ya fara ganin likita, kuma kowa ya guji riƙe numfashi yayin ɗagawa. Sauranku ba ku da uzuri. Ku fara da ƙarami tun ranin nan, kafin gona ta tona muku asiri.