Jinjina ga Baƙon Damina

A gaishe ka, Falsifarum, ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, ɗan gatan macen sauro! Daga bakin dam ɗin Kazaure zuwa duwatsun Roni, daga Gwiwa har Babura, ba mu da baƙo mai cika alkawari kamarka. Ruwa na sauka, kana sauka.

Ladabinka ma abin koyi ne. A hanta kake fara yada zango, ka yi kusan mako guda kana hayayyafa, mai gida bai san ya yi baƙo ba. Daga nan ka faɗa cikin jajayen ƙwayoyin jini ka ja ƙofa. Dakarun garkuwar jiki su hura wutar zazzaɓi don su ƙona ka, wutar ta koma tana cin mai gida. Kafin su gane rigarka su ƙera makamin da ya dace da ita, ka riga ka sa wata. Riguna kusan 60 gare ka, ko ɗan sarki ranar hawan sallah albarka! Saifa ce matatar da za ta cafke ka, sai ka manne a bangon ƙananan jijiyoyin jini, har na ƙwaƙwalwa, ka ƙi bi ta ƙofarta. Yaro ya shiɗe yana taune-taune, a ce iska ce, kai kuwa ko sunanka ba a ambata ba.

Ga jarumta. Magidancin da ya sha cizo shekara da shekaru har jikinsa ya san ka, kakan ɗaga masa ƙafa. Jariri kuwa sai ka yi haƙuri garkuwar da ya samo daga uwarsa ta ƙare cikin 'yan watanni, sannan ka kama shi kokawa. Mai cikin fari ka ɓuya mata a mabiyiya. Madalla da ɗan kokawar da ke zaɓar abokin karawa a bayan uwa!

A Garki, nan Jigawa, tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada ka da feshi da rabon magani. Ka lafa. Ana dakatawa ka dawo.

Iyaye, da ku nake yanzu. Idan masu rabon maganin damina na yara 'yan wata 3 zuwa 59 suka yi sallama, ku karɓa, ku cika kwana ukun da ake shan sa. A kwana cikin gidan sauro. Jikin yaro ya yi zafi, a kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar.