Ba Wa Ka Sani Ba, Ina Kake Kwana?

Na san halinku sarai. Da zarar na ce makarantar gwamnati kyauta ce a Amurka, tun daga ajin share fage har aji 12, rabinku za ku taɓe baki ku ce ga wani ya zo yi mana daɗin baki. Ƙasar da ko leƙa asibiti ka yi sai takardar biyan kuɗi ta biyo ka gida, ita ce za ta koyar da ɗanka shekara 13 ba ko sisi? Ɗaya rabin kuwa, kuma su na fi jin tsoro, tuni sun fara ƙirga yaran gidansu da na ƙannensu, ana laluben lambar kawu da ke Bronx. To ku gyara zama duka, kowa zai samu rabonsa.

Masu taɓe baki, da ku zan fara. Kyauta ce. Babu kuɗin fom, babu kuɗin zango, littattafan karatu makaranta ce ke ba da aronsu. A wurare da yawa motar nan mai ruwan ɗorawa za ta tsaya kusa da gidanku ta ɗauki yaro. Wanda samun iyayensa bai taka kara ya karya ba, ana ba shi abincin rana kyauta ko da rahusa, tsarin da ke tafiya tun dokar 1946. Za dai a miƙo maka jerin fensir da littafin rubutu da jaka, wannan kam aljihunka ne.

Ina jin Bakano daga can baya yana cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, a faɗa masa wanda ke biya. Alhaji, ka yi tambaya, kuma ba don ina tsoron Kanawa na yaba maka ba. Bazazzagi da tuni ya cike fom ya sa hannu bai tambaya ba.

Ga yadda abin yake. Gwamnatin tarayya a Washington ba ita ke riƙe da makarantun ba. An yanka ƙasar gunduma gunduma ta makarantu, sama da 13,000, kowace da iyakarta a taswira, da shugabanta, da kwamitin da a mafi yawan wurare mutanen yankin ne ke zaɓa da ƙuri'a. Jihar Texas kaɗai tana da fiye da 1,000, Hawaii kuwa guda ɗaya tal ta ishe ta. Kuɗin da tarayya ke sawa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran jiha ce da yankin ke raba shi kusan daidai, kuma kason yankin mafi yawansa daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Kada ku kwatanta shi da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da kuka sani, wadda ke zaman jiran abin da zai gangaro daga sama. A can kuɗin daga gidajen unguwa yake tasowa. Mai gida yana biya kai tsaye, ɗan haya kuma yana biya ta hannun mai gida, ko ya sani ko bai sani ba. To Alhaji, ga wanda ke biya: kai ne, cikin kuɗin haya.

Yanzu sai ka ƙarasa lissafin da kanka, tunda ɗan kasuwa ne kai. Unguwar da gidajenta ke da tsada, harajinta ya fi kauri, makarantarta ta fi samun abin aiki. Iyayen wata gunduma ta talakawa mai suna Edgewood a birnin San Antonio sun kai ƙara kan wannan bambanci, suna nuna gundumar masu hali ta Alamo Heights da ke gari ɗaya da su. A 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 5 suka rinjayi 4, cewa tsarin mulkin tarayya bai hana wannan tsari ba. Jihohi da dama sun yi ta gyare-gyare daga baya don rage tazarar, amma har gobe Ba'amurke mai neman gida yakan fara tambayar makarantar unguwa kafin ya tambayi yawan ɗakuna.

Shi ya sa ranar da ka kama hannun yaro ka nufi ofishin rajista, ka bar katin babban mutum a gida. Matar da ke bayan teburin ba ta san sanatanku ba, kuma ko ta san shi ba zai amfane ka ba. Tambayarta ɗaya ce: ina kake kwana? Kuma ba da baki ake amsawa ba. Za ta nemi takardar yarjejeniyar haya ko ta mallakar gida, da takardar kuɗin wuta ko na gas ko na ruwa mai ɗauke da sunanka da adireshinka, ta kwanan nan ba ta bara ba. Yawanci shaida biyu ake so. In a gidan wani kake raɓe, shi mai gidan zai sa hannu a takardar rantsuwa cewa lallai a nan kake. “Bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi, kowa ya san gidan” ba adireshi ba ne a wurinta. Lambar gidanka ce za ta nuna makarantar da yaro zai je, wani lokaci tsallaken titi ɗaya ya raba ɗanka da ɗan maƙwabcinka.

Na ga idon wasu ya yi haske. Ai abin da sauƙi, in ji su, sai mu ba da adireshin kawu da ke unguwar masu kuɗi. Sannunku da dabara, kun ɗauka ku kuka fara tunaninta? Wata mata mai suna Kelley Williams-Bolar, mai taimaka wa malamai a wata makaranta a birnin Akron na jihar Ohio, ta rubuta 'ya'yanta mata biyu da adireshin mahaifinta, a gundumar Copley-Fairlawn da ke maƙwabtaka. Ba adireshin baƙo ba, na kakan yaran. Gundumar ta ɗauki mai binciken sirri ya riƙa bin ta da kyamara yana ɗaukar inda take fitowa da safe. Aka nemi ta biya kimanin dala 30,000 na karatun da yaran suka yi. A farkon 2011 kotu ta same ta da laifin yin ƙarya a takardun hukuma, ta yi kwana 9 a gidan yari. Sai da ƙasar ta ɗauki surutu sannan gwamnan jihar, John Kasich, ya sassauta laifin zuwa ƙarami. A nan kam dariyata ta tsaya. Uwa ta nemi inda 'ya'yanta za su yi karatu cikin kwanciyar hankali, aka kira abin sata, kuma a ganina kunyar ta tsarin ce ba tata ba. Ba kowace gunduma ke kai mutum kotu ba, da yawa sallamar yaron kawai suke yi. Amma ku masu adireshin kawu, ku tambayi kawun tukuna ko yana son mai kyamara a ƙofar gidansa.

Hajiya kuma ta ce ita ba ƙarya za ta yi ba, riƙo za ta bayar, yaron ya koma gidan yayarsa gaba ɗaya kamar yadda muka saba. Hajiya, an riga ki. Wani yaro Roberto Morales, haifaffen garin McAllen a Texas, ɗan ƙasa cikakke, iyayensa suna zaune a Meziko, ya koma wurin yayarsa don ya yi makaranta. Gunduma ta ƙi ɗaukarsa kyauta, domin dokar jihar ta ce yaron da ya bar iyayensa ya zauna a wani gida don makaranta kawai ba ɗan gunduma ba ne. A 1983 Kotun Ƙoli ta ce dokar tana kan daidai. Saboda haka duk mai kai yaron da ba nasa ba, ya shirya amsa tambayar matsayinsa a wurin yaron, sau da yawa har da takarda. “Ɗan ƙanwata ne, ai ɗana ne” gaskiya ce a Zinder da Kumasi, amma fom ɗin bai san da ita ba. Masu shirin turo yaro daga gida da bizar ɗalibi kuma, ku ji: tun 1996 doka ta hana shiga firamaren gwamnati da wannan biza, sakandare kuwa wata 12 kacal, kuma sai an biya cikakken kuɗin karatun.

Masu taɓe baki sun dawo da ƙarfinsu: ka gani ko, ashe baƙo ba shi da wuri. Ku dakata, a nan ne za ku fi ƙaryata ni. Yaron da iyayensa ba su da takardar zama a ƙasar ma sai an ɗauke shi. A 1975 Texas ta yi dokar hana kashe kuɗin jiha a kan irin waɗannan yara, gundumar garin Tyler kuma ta sa musu dala 1,000 a shekara. A 1982, a shari'ar da ake kira Plyler, Kotun Ƙoli ta soke wannan, nan ma 5 da 4, tana cewa ba a hukunta yaro kan abin da iyayensa suka yi. Akwai 'yan siyasar da ke ta neman a sake duba hukuncin, amma ya haura shekara 40 yana tsaye. Wato a bakin ƙofar makaranta ba a tambayar ta ina ka shigo ƙasar, takardar wutar lantarki ake son gani. Wanda ba shi da gidan ma bai faɗi ba: dokar McKinney-Vento, wadda asalinta na 1987 ne, ta ce yaron da iyalinsa ke kwana a gidan marasa galihu, ko a mota, ko suka raɓe a gidan wani saboda babu, a ɗauke shi nan take, takardu su biyo baya.

Sai shekaru. Dattawan da ke karanta wannan sun tuna lokacin da hedimasta ke sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunne, in ya kamo ya isa shiga aji ɗaya. A can kunne ba ya aiki, sai takardar haihuwa ko fasfo. Jihohi da yawa sun ce sai yaro ya cika 5 zuwa 1 ga Satumba kafin ya shiga ajin share fage, birnin New York kuwa ya ba da har 31 ga Disamba. Kwana ɗaya kan iya sa yaro ya jira shekara guda. Ku da gidanku duka aka haifa ranar 1 ga Janairu a takardar rantsuwa, ku zauna ku yi lissafi da kyau. Kuma yawanci da shekaru ake ba da aji, don haka “yaron nan ƙwaƙwalwa gare shi, a tsallakar da shi” sai dai ka faɗa wa kakarsa.

Riga-kafi fa? Ina waɗanda suka riƙa tura yara bayan rumbu in masu ɗigon shan inna sun shigo layi? Kowace jiha tana da jerin allurai da take nema kafin yaro ya zauna a aji, irin na ƙyanda da shan inna da tarin shiƙa, kuma tun 1922 Kotun Ƙoli ta ce hukuma na da ikon hana yaron da ba a yi wa ba shiga makaranta. Kada ku ji kunya da yawa, Amurkawa ma suna da masu gudun allura. Jihohi da dama suna ɗaga ƙafa saboda addini, amma California ta rufe wannan ƙofa da dokar 2015, New York ta bi sahu a 2019 bayan ƙyanda ta ɓarke a Brooklyn da Rockland. Katin asibitin nan da Hajiya ta jefa ƙasan akwati, a nemo shi a kakkaɓe, in ba haka ba yaro zai sha allura daga farko, kuma ba zai yafe muku da wuri ba.

Akwai kuma takardar da ke tambayar harshen da ake yi a gida. Na san masu jin kai za su rubuta Turanci, alhali yaron in ban da “kam” da “go” bai san komai ba. Malam, rubuta Hausa. Za a gwada Turancinsa, in yana buƙatar taimako a ba shi malami na musamman, haƙƙin da iyayen yara 'yan asalin Sin suka ƙwato a San Francisco a 1974. Kai ma kana da damar neman tafinta in an kira taron iyaye. In kuma a birnin New York kake, tun 2015 makarantun gwamnati ke rufewa ranar Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, sai ka nemi wani uzurin.

Takarda ta ƙarshe ita ce ta mutanen da aka yarda su ɗauki yaro in an tashi ko in ba shi da lafiya. Wanda sunansa ba ya ciki ba za a ba shi yaro ba, ko da kamarsu ɗaya, ko da ya rantse shi ya yanka ragon sunansa. Layukan kuma 'yan kaɗan ne. Alhaji, kai da ke da ƙanne tara da surukai biyu da aminai cike da masallaci, ga biro, zaɓi uku. Sauran kuma kai za ka yi musu bayanin dalilin da ya sa ba ka rubuta su ba.