'Yan Fatsar Ranar Asabar

Minna ba ta da teku, kuma babu alamar za ta samu nan kusa. Amma tana da ruwa daidai gwargwado: madatsar Tagwai da ke shayar da gari, da ta Bosso, da kogin Chanchaga, ga kuma Shiroro a kan kogin Kaduna, wadda ta fara ba da lantarki a 1990. A da, duk wanda aka gani a bakin ruwa da ƙugiya ko birgi, abinci yake nema: ko Banufe, ko Basarke, ko yaron da ya zille wa aiken gida. Yanzu kuwa an sami magidanta a Tudun Wada, ma'aikata da 'yan kasuwa, masu fita da asubar Asabar su je fatsa don nishaɗi kawai. Maƙwabta har yau sun kasa ganewa. Mutum da albashinsa, ya je ya zauna sauro na cinsa, yana jiran abin da ke jibge a Kasuwar Kure!

A cikin 'yan fatsar nan, wanda ido ke fara kamawa shi ne mai kaya. Tun kafin ya san bambancin karfasa da tarwaɗa ya yi odar sanda mai ɗan injin naɗe zare, da akwatin ƙugiyoyi, da kifin roba kala-kala, da malafa, da riga mai aljihu goma sha. Jifansa na farko a kan bishiya yake sauka, na biyu a malafar abokinsa. Sauran safiyar tana ƙarewa wajen warware zare. Can gefe ga yaro da tsinken gora, da zaren ɗinkin takalmi, da guntun silifa a matsayin abin nuna cizo, ya riga ya tsire karfasa bakwai a igiya. Yaron ya tono tana a bayan gida, ya kuma san inda ciyawa ta yi inuwa a ruwa. Idan mai kaya ya sauke girman kai ya tambaye shi sirri, amsar ba ta wuce, "Yallaɓai, ƙugiyarka ce ta yi wa bakinta girma."

Sai ɗan teku, wanda shi ne ya fi kowa ban tausayi, domin duk abin da yake faɗa gaskiya ne, wurin ne dai ba nasa ba. Ya yi aiki a Apapa, an taɓa ɗaukarsa a jirgin ruwa zuwa Takwa Bay, tun daga ranar bai sake ganin ruwan daɗi da daraja ba. Zai bayyana maka cewa teku yana cika ya janye sau biyu a rana saboda jan da wata ke yi masa, kuma kifi ya fi cizo lokacin da ruwan ke motsi. Haka ne. Zai ce gishiri yana cinye ƙarfe, don haka dole a ɗauraye ƙugiya da inji da ruwa mai kyau bayan kowace fita. Wannan ma haka ne. Zai ce barakuda yana datse zaren roba da haƙori, sai an ɗaura waya a kusa da ƙugiya. Babu gardama. Matsalar ita ce Tagwai ba ta san wata ba. Damina ke cika ta, rani da famfunan Minna su rage ta. Duk da haka yakan duba agogo ya ce a jira ruwa ya juyo, sannan idan an tashi ya sayi ledar fiya wata biyu ya wanke kayansa daga gishirin da babu shi. Abin sa wa ƙugiya kuma ba ya yarda da tana, wai a Legas jatan lande ake sawa, sai ya zo da busasshe na miya, wanda ke marmashewa tun kafin ya taɓa ruwa.

Malamin waya bai taɓa kama komai ba, amma ya kalli Turawan Amurka da Ostareliya a YouTube har ya iya ɗauri iri takwas. Yana gyara wa masunta riƙon zare. Su kuwa sukan ce masa "to, Malam", su ci gaba da abin da suka gada.

Mai garaje ba ya minti biyar a wuri guda. Ya jefa, ya janyo, ya duba ko tanar na nan, ya koma gaba, wayarsa na ta ruri. Yakan zo da tsakar rana neman tarwaɗa, alhali ita da dare da ketowar alfijir take kiwo, da gashin bakinta take lalubo abinci, shi ya sa hanjin kaza da ya ɗan yi ɗoyi ya fi mata komai. Akwai ma masuntan da ke sa mata guntun sabulu. Shi ne kuma mai kai hannu ga duk abin da ya fito daga ruwa. Kurungu ya kafe ƙayoyinsa ya soke shi yana gurnani. Ranar da ya cafki minjirya kuwa, wadda babbarta ke iya sakin wuta sama da bolt 300, aka ji salatinsa har hayin ruwa, ya ce rabonsa da samun lantarki mai ƙarfi haka tun yana yaro. Ba a nan wasan ya tsaya ba: yakan tuɓe takalmi ya tsunduma cikin ruwan da ke kwance, inda ƙananan dodon koɗi ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma idan aka hau kwalekwale shi ne mai cewa rigar ruwa ta matsorata ce. Wannan kam ba abin dariya ba ne a jihar da ta sha jana'izar haɗarin jirgin ruwa.

Mai labari shi ya fi kowa cin ribar fatsa, don kifinsa ba ya bukatar gishiri ko firji. Kullum giwan ruwa ne, kullum kuma ya tsinke zare ya tafi. A majalisar Asabar da yamma tsawon kamu ɗaya ne, ranar Litinin a ofis ya kai tsawon hannu, kafin Juma'a ya doshi wanda aka kama a Argungu a 2005, mai kilo 75, da sai da ƙarti huɗu suka ɗora shi a sikeli. An taɓa tuna masa cewa giwan ruwa kifi ɗan'uwansa yake farauta, da wuya babbansa ya kula da loman tuwo. Ya ce shi ma abin ya ba shi mamaki.

Na ƙarshe shi ne mai rufin asiri, wanda ya yi wa iyali alkawarin farfesu tun daren Juma'a. Idan yana da wayo, a bakin ruwa yake ciniki da masu kalli, ya sayi tarwaɗa tana motsi, ya ɗan shafa laka a wando. Idan ciniki ya gagara, ko ya makara, sai ya biya ta wajen masu kifin ƙanƙara. A nan ake samun kifin teku na gaskiya a Minna: titus da shawa da fanla, da yawansu sun taso daga ruwayen Turai a daskare, sun sauka Legas, sun hau mota. Ya zuba uku a bokiti, ya rufa da ganye, ya shiga gida da sallama mai ƙarfi.

Uwargida ta ɗaga ɗaya ta wutsiya, ta ƙwanƙwasa shi a bakin turmi, ya yi ƙara.

"Sannu da ƙoƙari, Baban Ummi. Ashe sanyin bana har Tagwai ya daskarar? Gobe in za ka koma, ka kamo mana da tattasai."