Don Allah Kada Ka Faɗa wa Kowa

Duk ranar da Bahaushe ya ja ka gefe ya ce “tsakanina da kai”, to ka tabbata kai ne na goma sha tara da ya faɗa wa. Haka ta faru da ni wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Alhajin unguwarmu, mai shagon atamfa a Kantin Kwari, ya kamo hannuna, ya waiga dama ya waiga hagu kamar mai tallan kayan sata, sannan ya rage murya.

“Malam, akwai wani tafki a kan tsaunin Mambilla. Ruwa garai-garai, kana hango tsakuwar da ke ƙasansa. Ba kowa, ba hayaniya, ko kukan mota ba ka ji. Wani direba ne ya kwatanta mini. Bayan Sallah za mu je mu huta, mu huɗu rak. Don Allah kada ka faɗa wa kowa.”

Na riƙe amana. Uwargida kaɗai na faɗa wa, ita kuwa ai ba kowa ba ce. Ita ma ta rantse ƙaninta kaɗai ta faɗa wa. Ranar tafiya na isa ƙofar gidan Alhaji da 'yar jakata, sai na tarar da bas biyu a fake, mutum talatin a tsaitsaye, kowa na hararar ɗan'uwansa, domin kowa ya ɗauka shi ne cikon na huɗun.

Abin da muka ce muna gudu sananne ne: zafin Kano, hayaƙin A Daidaita Sahu, ƙarar janareton maƙwabci, da lasifikar masu tallan maganin basir. Abin da na ga ana ɗaurewa a saman mota kuwa, janareto ne da lasifika biyu masu tsayin yaro ɗan shekara bakwai. Ga kulolin dafa-duka, ga kilishi, ga gurasa, ga rago guda da ransa. Ga kuma buhun fiya wata goma sha biyu, za a kai wurin da aka ce ruwa na ɓuɓɓugowa daga dutse kyauta.

Kwana biyu muka yi a hanya. Muka kwana Jalingo, muka bi ta Bali da Serti, ana ta musun ƙwallo har muryoyi suka dushe. Da muka iso Mayo Selbe mota ta ɗaga hanci ta fara hawan tsauni, sai musu ya mutu murus. Hanya ce mai lanƙwasa kamar hanjin akuya, dutse a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma rami wanda in ka leƙa sai ka tuno duk wanda ka taɓa cuta. Ƙanin matata, wanda rabon da a gan shi a sahun asuba tun azumi, shi ya ja mana istigfari. Alhaji ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a ku shaida, duk wanda nake bi bashi na yafe masa duniya da lahira.” Muna kaiwa sama, mota ta daidaita, ya gyara zaman hularsa ya ce, “Ban da na shago fa.”

Gani ya kori ji. A can sama, kimanin mita 1,600 daga doron teku, duniya wata iri ce: tuddai kore shar sun jeru har iyakar ganinka, shanu ƙosassu suna kiwo ba mai korarsu, gonakin shayi na Kakara a shimfiɗe kamar darduma, ga tsofaffin Land Rover da suka girmi direbobinsu suna ta ɗibar kaya. Ga kuma sanyi. Bakano cikin shadda mai sitaci yana karkarwa abin tausayi ne, don shaddar har ƙara take yi. A cikinmu akwai wani tsohon hedimasta da ya ga dama ta samu. Ya shiga bayani cewa wannan yanki sai a 1961 ya shigo Nijeriya bayan ƙuri'ar raba gardama, cewa sunan Sardauna aka sa wa ƙaramar hukumar da Gembu ke hedikwatarta, cewa Chappal Waddi, tsauni mafi tsayi a ƙasar nan mai mita 2,419, yana nan kusa wajen iyakar Kamaru. Ya tsaya ya ce ko da mai tambaya. Wani saurayi ya ɗaga hannu.

“Baba, ko akwai sabis a nan?”

Washegari mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, wani yaro ɗan shekara goma sanye da takalmin roba ya shige gaba. Ya ce wurin ba nisa, nan ne bayan tudun can. Duk wanda ya taɓa jin “nan ne” daga bakin mutumin karkara ya san sauran. Muka bi shi a jere, samari biyu sun rataya janareto a sanda kamar masu kai gara. Ni kam dariya ta kama ni. Fiye da shekara arba'in ana yi mana alkawarin wutar Mambilla, megawat 3,050 da aka ce za ta haska ƙasa, ga shi mu ne muka kawo wa Mambilla wuta a kafaɗa, da galan ɗin fetur.

Sai ga tafkin.

A nan zan ajiye raha in faɗi gaskiya, direban nan bai yi ƙarya ba. Wata 'yar ƙorama ce ke gangarowa ta tsakanin baƙaƙen duwatsu biyu, ta zubo cikin wani gurbi wanda faɗinsa bai wuce tsakar gida ba. Gefensa fari tas, kana ƙirga tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, tsakiyarsa kuma kore mai duhu. Bishiyoyi sun sunkuyo kansa, gansakuka ta lulluɓe duwatsun kamar karammiski. Wani mazari ja ya sauka kan wani kara, ya tsaya cak. Ba ka jin komai sai zubar ruwa. Mutum talatin da ɗaya muka yi tsit, abin da ban taɓa gani ba ko a wurin zaman makoki.

Shirun nan bai kai tsawon karanta Fatiha ba.

“Kai, ku tayar da injin nan!”

Nan take mazari ya san inda dare ya yi masa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kayar da rago, lasifika ta kama aiki har duwatsu na amsawa. Alhaji ya miƙe ƙafa, ya kurɓi lemo, ya yi ihu don in ji shi: “Malam, ka ji daɗin shiru ko?”

Daga nan aka shiga babban aikin da ya kawo mu, wato hoto. Na lura da wani abu: mun yi tafiyar kwana biyu don mu ga tafki, amma kowa ya juya masa baya. Haka hoto ya gada, fuskarka a gaba, tafki a ƙeya. Wanda ya kalle shi ma ta cikin waya ya kalla, don ya tabbatar hularsa ba ta karkace ba. Matsala ɗaya, ba sabis, hoton da mahassada ba su gani ba kuwa asarar caji ne. Ƙanin matata ya haye wani dutse yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, can sai ya kurma ihu. Saƙo ya shigo, ana yi masa maraba da zuwa Kamaru. Nan da nan layi ya kafu a gindin dutsen, har da masu tsallake layi da masu cewa “a bar manya su fara”. Ƙanin matata har yau cewa yake ya fita ƙasar waje.

Saura wanka. Tun a mota ake cika baki. Wannan ya ce ya ƙetare Challawa da damina, wancan ya ce a Tiga kifaye ma sun san shi. Alhaji ya naɗe wando, ya tsoma babban yatsan ƙafa, ya janye da sauri kamar ya taka garwashi. Mutumin da ko a watan Afrilu sai an sirka masa ruwa, ina shi ina ruwan dutse? Amma ba a cewa sanyi, kuma ba a cewa ban iya iyo ba. Sai ya girgiza kai, ya ce, “Ruwan da ya yi shiru haka, da masu shi.” Shi ke nan, an samu mafita. Kowa ya tuno labarin 'yan ruwa da kakarsa ta ba shi. Ana cikin haka wasu yaran ƙauye su biyar suka tuɓe, suka faɗa tsundum, suna ninƙaya suna yi mana dariya. Aka ce ai su da 'yan ruwan sun saba da juna. Da azahar ta yi, na ga dattijai a tsugune bakin tafki, kowa ya ɓula ledar fiya wata da haƙori yana alwala.

Mutum ɗaya ne ya shiga ruwan a cikinmu, ni ne, kuma ba da niyya ba. Na hau wani dutse don in ɗauki tafkin ba tare da kan kowa a ciki ba, gansakuka ta kwashe ni. Sanyin ya soke ni har cikin haƙora. Na ɗago ina kiran sunan Allah ina neman agaji, sai na ga wayoyi talatin sun saito ni. Ba wanda ya miƙo hannu sai yaron mai takalmin roba, shi ma cewa ya yi, “Baba, miƙe tsaye mana.” Na miƙe. Ruwan iya cibiya ne.

Ina shanya babbar riga a kan dutse sai ga wani dattijon Bafulatani da shanunsa, ashe mashayarsu ce muka mamaye. Ya dogara sandarsa, ya daɗe yana kallonmu: masu fifita wuta, masu faɗa kan layin caji, masu gumi a kan janareton da ya shaƙe.

“Sannunku. Biki ne ko rasuwa?”

“A'a Baffa, hutawa muka zo yi,” in ji Alhaji.

Dattijo ya sake duban masu gumi. “To, Allah ya mai da ku gida lafiya ku huta.”

Alhaji bai ji zafin maganar ba, don hankalinsa ya riga ya tafi wani wuri. Ya matsa kusa, ya rage murya: “Baffa, fuloti nawa ne a nan? In aka cike gefen can da ƙasa, ai za a fitar da shaguna takwas.”

Wajen la'asar hazo ya sauko, yayyafi ya biyo shi, muka kwashi kaya a guje. Na waiwaya sau ɗaya. Ledojin fiya wata sun rufe gefen tafkin fari fat kamar furen bado, ƙashin rago a kan gansakuka, shanu sun tsaya suna sansana ruwan.

Mun dawo da mako biyu na haɗu da Alhaji a masallaci. Ya ce ya sake duba hotunan, ransa ya ɓaci: mutanenmu ba su da tsafta, sun ɓata wurin. Sannan ya waiga dama, ya waiga hagu. Wai akwai wani tafkin can gaba, wanda ya fi wannan ɓuya. Na ce masa sai na yi shawara da uwargida.

Mai karatu, ba zan kwatanta maka wurin ba, na yi alkawari. Amma in Allah ya kai ka, don girman zumunci ka leƙa gindin baƙin dutsen da ke hannun hagu. Akwai takalmina, ƙafar dama, lamba 43. Ta hagun tana nan na ajiye.