Atisayen Gudun Fanfalaki a Gidan Masu Ƙarambau

Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira yada-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42.195 ne. An fara yin wannan tsawon a gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka tsayar da shi a matsayin ma'auni a 1921. A Najeriya babbar gasarsa ita ce ta Legas, wadda aka soma a 2016, kuma a watan Fabrairu ake yin ta. Duk mai niyyar shiga, in dai ba so yake motar asibiti ta ƙarasa da shi ba, sai ya yi atisaye na mako 16 zuwa 20. Mutumin Kano zai fara ke nan a Oktoba, ya ratsa tsakiyar hunturu, daidai lokacin da 'ya'yansa suka keɓe domin mura da tari da duk wata cuta da aka raba a makaranta.

Jadawalin atisayen ba shi da wuyar fahimta. A mako ana fita sau huɗu ko biyar, gajerun gudu a ranakun aiki, dogo guda a ƙarshen mako. Ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, galibi ba a wuce kashi 10 cikin 100 a mako, har dogon gudun ya kai kilomita 30 ko 32. A makonni biyu ko uku na ƙarshe sai a rage domin jiki ya huta. Jadawalin kuma yana sa ran barcin sa'a bakwai ko takwas kowane dare, wanda ya nuna ƙarara cewa wanda ya tsara shi ko dai gwauro ne, ko kuma akwai mai yi masa raino. Manyan gwanaye sun daɗe da gano bakin zaren. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi wannan tsawon cikin 1:59:40 a birnin Vienna a 2019, ya shafe shekaru yana kwana a sansanin atisaye na Kaptagat ranakun mako, iyalinsa suna Eldoret. Ba a jin tarin yaro daga Kaptagat.

Misalin da za a bi a nan wani magidanci ne a Kano, ma'aikaci, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, wanda marubucin wannan bayani ya fi kowa saninsa. Likita ne ya ce masa ya rage tumbi, shi kuma ya ji kamar an ce ya tafi Legas. Ya sayi kambas na gwanjo, ya sayi agogo mai auna nisa, ya buga jadawali ya liƙa a ƙofar firji. Makonnin farko sun tafi lafiya, in aka cire tambayoyin mutanen unguwa. A garin da babba ba ya gudu sai da dalili, duk wanda ya ga magidanci a guje da asuba sai ya waiwaya ya duba abin da ya koro shi. Mai shayin bakin layi ya ɗauki mako guda yana cewa, "Malam, lafiya dai ko?" kafin ya haƙura ya koma cewa, "Allah ya ba da lafiya."

A mako na takwas babban yaron ya dawo daga makaranta da zazzaɓi. Washegari ƙuraje suka feso a ƙirji da baya.

Cutar ƙarambau ita ma da nata jadawalin, kuma ta fi kowane ɗan gudu kiyaye shi. Daga kamuwa zuwa fitowar ƙuraje kwana 10 ne zuwa 21, galibi mako biyu. Yaro yana fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin a ga komai a jikinsa, ba ya kuma dainawa sai ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, abin da ke ɗaukar kusan mako guda. A gida ɗaya, cikin mutum goma da ba su taɓa yin ta ba, kusan tara za su kamu. Akwai allurar rigakafinta, amma ba ta cikin jerin waɗanda ake yi wa jarirai kyauta a Najeriya. Iyalin da suka bar yaransu wuri ɗaya sukan gama da ita cikin wata guda, domin ƙannen sukan kwanta tare. Magidancin da ake magana a kansa ya yi dabara: ya ɗauki autar ya kai ta gidan mahaifiyarsa Hajiya. Da babban ya warke aka dawo da ita, ta iso daidai ranar da ta tsakiyar ta fara yaɗa tata. Ta haka aka jera yaran layi, kowanne da mako biyunsa, jinyar wata guda ta koma ta wata ɗaya da rabi, ta kuma faɗa daidai kan makonnin da jadawali ya rubuta kilomita 26, 29 da 32.

Jinyar kanta yawancinta aikin dare ce. Ana auna zafin jiki, wanda ake kira zazzaɓi daga maki 38. Ana ba da farasitamol gwargwadon nauyin yaro, da tazarar sa'a huɗu zuwa shida, ba a wuce sau huɗu a yini da kwana. Asfirin kuwa ba a ba mai ƙarambau ko kusa, domin yana iya jawo wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Ana yanke farce, ana shafa farin maganin nan na ƙaiƙayi, kalamin, ana yawaita ba da ruwa. In numfashi ya yi wuya, ko yaro ya kasa sha, ko ya shiga magagi, ko ƙurji ya yi ja ya kumbura, zancen gida ya ƙare, sai asibiti. Abin da ya fi cin lokaci shi ne hana susa. Babu littafin da ya bayyana yadda mutum ɗaya zai riƙe hannaye biyu na yarinya 'yar shekara biyar da ƙarfe uku na dare, alhali ita da ƙafa ma tana iya susa.

Masu gudu da suka sami kansu a wannan hali sukan gwada hanyoyi dabam-dabam, kuma magidancin bai bar ko ɗaya ba.

Ta farko ita ce gudun tsakar dare, bisa hujjar cewa tunda an riga an farka, barcin ma ba dawowa zai yi ba. Illarta ita ce mutum ya fita cikin hazo sanye da hular sanyi da ta rufe kunne, ya naɗe hanci da ƙyalle saboda ƙura, yana gudu a layin da aka sace janareta makon jiya. 'Yan sintiri ba su san Kipchoge ba. Sun haske shi da tocila, suka tambaye shi daga ina, ya ce daga gida. Zuwa ina, ya ce gida. Suka ce to gudun na mene ne, ya ce na Legas ne. Sai da aka taso ladan ya shaida shi, shi ma ladanin iyakar abin da ya iya faɗa shi ne, "Na san shi, ɗan unguwa ne, kuma da can lafiyarsa ƙalau."

Ta biyu ita ce zagayen tsakar gida, domin a kasance kusa in an kira. Tsakar gidan da kewayenta bai wuce mita 25 ba, kilomita biyar zagaye 200 ne, a kowane zagaye kuma akwai igiyar shanya da tankin ruwa da turmi. Jiri yana zuwa kafin gumi. Agogon da ke zana hanyar da aka bi ya fitar da wani abu kamar taliyar da aka juye a kwano, ya kuma rubuta mita 600. Su kuwa majinyatan sun fito bakin ƙofa, fuska fari fat da kalamin, suna ƙirga zagaye da ƙarfi, kowa da nasa lissafin. Wannan ne kaɗai atisayen da ya amfani wani a gidan, domin muddin suna kallo ba sa susa.

Ta uku ita ce mai da aike atisaye. Duk abin da ya ƙare, magidanci ne zai ce shi zai je, kuma a ƙafa. Akwai kemis a bakin layi, amma shi sai ya gano cewa maganin wani kemis da ke can wajen titin Gidan Zoo ya fi inganci. Hanyar ta yi aiki har ranar da ya dawo bayan sa'a ɗaya da rabi, jike sharkaf, fuska cike da annuri saboda ya rage minti biyu, hannunsa kuma babu komai. Kuɗin ma suna aljihun ɗaya wandon.

A nan ya kamata a ambaci ɓangaren da jadawalin atisaye ba ya nunawa. Kowace sa'a da uba ya yi a kan titi, wata ce ta biya ta a ɗaki. Dogon gudun Lahadi ga mai tumbi sa'a uku ne da ɗoriya, sannan ya dawo ya miƙe a tabarma yana nishi, ya zama majinyaci na huɗu, har yana tambayar ko akwai kunu. Uwargidan wannan gida ba mai yawan magana ba ce. Da ya yi mata bayanin cewa in ya tsallake kilomita 29 duk wahalarsa ta tashi a banza, sai ta miƙa masa autar ta ce, "Baban Abba, ga kilo goma sha ɗaya nan. Ka yi ta zagaye da ita har ta yi barci, ka sa a agogonka." Ya karɓa. Jijjiga yaro daga ƙofar ɗaki zuwa taga har asuba yana gajiyar da kafaɗa da gadon baya sosai, sai dai babu wani jadawali da ya yarda ya lissafa shi.

Da ya natsu ya bincika, da ya ga fargabar tasa ta wuce kima. Ƙarfin da jiki ya tara ba ya zubewa a mako guda. Wani bincike da Edward Coyle da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1984 ya bi 'yan wasan da suka daina atisaye ɗungurungum, aka ga iyawar jikinsu ta amfani da iskar numfashi ta ragu da kusan kashi 7 cikin 100 bayan mako uku, ta kai kusan kashi 16 bayan wata biyu. Gajeren gudu na rabin sa'a sau biyu ko uku a mako ya isa ya riƙe yawancin abin da aka samu. Abin da ke kayar da mutane shi ne ramuwa: a haɗa gudun da aka tsallake da na wannan makon, a ɗora su kan jikin da bai yi barci ba, sai gwiwa ko agara ta ɗauki bashin. Akwai ma waɗanda suka haɗa raino da nasara. Paula Radcliffe ta Ingila ta haihu a Janairun 2007, ta kuma lashe gasar New York a Nuwamban shekarar. Magidancin ya karanta wa uwargida wannan labari domin ya ƙarfafa hujjarsa, ita kuma ta ce tana so ta ji sunan wanda ya riƙe jaririyar.

Saura tambaya guda da ya kamata a yi tun ranar farko, wato ko shi uban ya taɓa yin ƙarambau. Wanda ya yi sau ɗaya da wuya ya sake. A ƙasashe masu zafi kuwa mutane da yawa sukan girma ba su yi ba, kuma ta fi tsanani ga babba, har takan sauka a huhu. Ya tambayi Hajiya a waya, ta ce ya yi mana, ita da hannunta ta yi masa wanka da ganyen darbejiya. Da wannan tabbaci ya yi ta rungumar yara yana shafa magani ba tare da wata fargaba ba. Ya tsallake na babban, ya tsallake na ta tsakiyar. Mako biyu bayan na autar, ana saura kwanaki kaɗan a tafi Legas, ya tashi da ciwon kai da kasala, ya ce alamar hutun ƙarshen atisaye ce. Da yamma ya ga ƙurji a goshi, ya ce sauro ne, a watan Janairu. Da aka sake kiran Hajiya sai ta yi shiru, can ta ce, "Af! To ko dai ƙanenka ne? Ai lokacin duk kama kuke yi mini."

Ƙa'idar gudu da rashin lafiya a fili take. Mura mai sauƙi da ta tsaya a hanci ba ta hana ɗan sassarfa. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi ko tarin da ya sauka ƙirji suna hanawa, domin wahalar da jiki a lokacin da yake fama da ƙwayar cuta yana iya kumbura tsokar zuciya. Mai ƙarambau kuma ba shi da hurumin shiga mota ya yi tafiyar kusan kilomita dubu cikin jama'a, inda za a iya samun mai juna biyu ko jariri. Babba da ya kamu ya kamata ya ga likita da wuri, domin akwai maganin da ya fi aiki in an fara shi a ranar farko.

Ranar gasa an kalle ta a talabijin ɗin falo. 'Yan Kenya da Habasha suna gaba kamar yadda aka saba, magidanci yana kan kujera, an shafe shi da kalamin daga goshi har tafin ƙafa, an sa masa safa a hannu. Yaran, waɗanda duk sun warke sun yi ɓul-ɓul, su aka ɗora wa aikin gadinsa, kuma sun riƙe aikin da gaske. Da ya motsa kafaɗa ya goga a jikin kujera sai autar ta ƙwala kira, "Umma, Baba yana susa!"

Komawa gudu bayan irin wannan kwanciya ana yin ta a hankali. Sai zazzaɓi ya tafi, ƙuraje sun bushe, ƙarfi ya dawo, sannan a fara da tafiya, a koma sassarfa, a ɗauki makonni kafin a kai inda aka tsaya. Wanda ya rasa Legas yana iya duba tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, wanda aka saba yi a watan Mayu. Atisayensa yana faɗawa cikin bazara, lokacin ƙyanda da sanƙarau. Wanda ya ɗaga zuwa gaba kuma zai haɗu da damina da zazzaɓin cizon sauro. Magidancin ya buga sabon jadawali ya nufi firji zai liƙa, ya tarar an riga shi. Takardar da ke wurin da rubutun uwargida take, ta raba dararen jinya gida biyu, ta kuma nuna cewa daga yanzu safiyar Lahadi tata ce, ta yi rajista a Islamiyya.