Zuwa ga Mai Girma Mazaunin Madubin Hangen Taurari

Ranka ya daɗe, mai ƙafa uku. Bayan gaisuwa da fatan ka kwana lafiya. Mai wannan wasiƙa, sabon shiga a harkar ɗaukar hoton taurari a nan Filinge, shi kam bai runtsa ba.

Daren jiya ya ɗora maka madubi, ya saita Kaza da Ƴaƴanta, ya bar kyamara tana ɗaukar hoton minti biyar-biyar har kiran assalatu. Da gari ya waye, ko tauraro ɗaya bai fito ɗigo ba. Kowanne ya miƙe kamar ƙwayar shinkafa.

Aikinka guda ɗaya ne, yallaɓai. Sama tana juyawa digiri 15 a awa, tana kammala zagaye cikin awa 23 da minti 56, kai kuma ka bi ta sau da ƙafa. Da yake an san haƙoran injinka ba su cika daidai ba, sai aka yi maka ɗan jagora: ƙaramin madubi da kyamararsa, da manhajar PHD2 da ake samu kyauta. Duk bayan sakan biyu ko uku tana duban tauraro guda, ta ce maka matsa nan, koma can. Masu wannan sana'a suna auna kuskure da sakan na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri, kuma wanda ya tsaya kusa da sakan ɗaya barci yake yi da minshari.

Kai fa? A zanen kuskure da manhajar ke nunawa, shuɗin layi, na gabas da yamma, ya ɗan yi hankali. Jan layin nan na arewa da kudu shi ne masifar. An ce ka yi arewa, ka yi. An ce ka dawo kudu, ka yi kunnen uwar shegu. Manhaja ta aiko saƙo, shiru. Ta sake, shiru, don akwai sarari tsakanin haƙoranka, sai injin ya cinye shi kafin ka motsa. Can kuma, ba zato, ka zabura ka wuce tauraron, a sake lallashinka daga farko! Wannan wane irin hali ne? An rage ƙarfin gyara, an sake gwajin farko na manhajar kusa da tsakiyar sama yadda masana suka ce, an ɗaure wayoyi don kada su ja ka. Me kuma kake so, a yanka maka rago?

Sauran laifin ba naka ba ne kai kaɗai, gaskiya ce. A ƙasar Kurfai tauraron arewa bai fi digiri 14 da ɗoriya sama da ƙasa ba, can cikin hazon hunturu, ga shi da shi ake saita ka. Ƙarfen ma'auninka yana neman dukan ƙafarka. Iskar Dallol Bosso ta yi nata, wuta ta ɗauke, batir ya riƙe.

Yau da dare za a ɗan karkatar da saitinka da gangan, a hana manhaja juya ka, ta riƙa tura ka gefe ɗaya kawai. In jan layin ya sake wuce sakan biyu, ranar kasuwa za a kai ka wajen maƙera.